KWANAKI DA SA'O'IN KARATU A MAKARANTUN GWAMNATI: ABIN DA DOKA TA TANADA

Gabatarwa

Da yawa daga cikin iyaye suna ɗauka cewa da zarar an rubuta sunan yaro a rajistar makaranta, an ɗinka masa riga an saya masa allo da littafi, to sun sauke nauyin da ke wuyansu. Rubuta suna kuwa mafari ne kawai. Ilmi yana shiga kan yaro ne a cikin sa'o'in da ya yi zaune a aji, malami na gabansa yana koyar da shi. Saboda haka ƙasashen duniya suka kafa dokoki game da yawan lokacin da tilas ne makaranta ta buɗe, da kuma wajibcin zuwan yaro. Wannan darasi zai bayyana matsayin Nijeriya a kan wannan al'amari, da yadda wasu ƙasashe suka tsara nasu, da hanyoyin da lokacin karatu yake salwanta, da kuma wanda alhakin tsare shi ya rataya a wuyansa.

Dokar Nijeriya

A watan Satumba na 1976 Gwamnatin Tarayya ta fara shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa. A 1999 aka ƙaddamar da sabon shiri mai faɗi a birnin Sakkwato, watau shirin ilmin bai-ɗaya, kana a 2004 aka kafa masa doka. Wannan doka ta wajabta wa kowace gwamnati a ƙasar nan ta ba kowane yaro ilmi kyauta kuma tilas har shekara 9: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Ta kuma ɗora wa kowane uba ko uwa ko mariƙi nauyin tabbatar da cewa ɗansa yana halartar makaranta har ya kammala. A lura da kalmomin nan biyu, halarta da kammalawa, domin a kansu hukuncin ya ginu.

Wanda ya saɓa, a karo na farko kotu za ta ja masa kunne. A karo na biyu akwai tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, ko a haɗa masa duka biyu. Idan ya sake, tarar ta zama naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu, ko duka biyu. Haka nan wanda ya karɓi kuɗi a kan abin da doka ta ce kyauta ne, yana iya fuskantar tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata uku, ko duka biyu. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ita ma ta tabbatar wa yaro wannan haƙƙi na ilmi.

To, dokar 2004 shekaru ta ƙidaya. Tsara kwanaki da sa'o'i aikin hukumomin ilmi ne. Dalili kuwa shi ne, a Tsarin Mulkin ƙasa, ilmi yana cikin al'amuran da Gwamnatin Tarayya da gwamnatocin jihohi suka yi tarayya a kansu. Tarayya ke tsara manufa da mafi ƙarancin matsayin da ake bukata, ta hanyar Manufar Ilmi ta Ƙasa wadda aka fara bugawa a 1977, da shawarwarin Majalisar Ilmi ta Ƙasa inda Ministan Ilmi yake zama da kwamishinonin jihohi. Ma'aikatar ilmi ta kowace jiha kuma ita ke fitar da jadawalin shekara, ta faɗi ranar komawa, da ranar hutu, da lokacin jarrabawa. Makaranta ba ta da ikon sauya waɗannan ranaku da ra'ayin kanta.

Yadda shekarar karatu take

Shekarar karatu takan fara a watan Satumba ta ƙare a watan Yuli, an kasa ta zango uku, kowane zango kamar mako 12 ko 13, kowane mako kuma kwana biyar, Litinin zuwa Juma'a. Idan aka cire hutun tsakiyar zango da ranakun hutun ƙasa, irin su Sallah ƙarama da babba, da Mauludi, da Ista, da ranar samun 'yancin kai, abin da yakan rage bai nisa da kwana 180 ba. Jihar Legas, alal misali, takan bayyana a jadawalinta cewa kada kwanakin koyarwa su gaza 180 a shekara.

Idan aka ɗauki wannan adadi aka ninka shi sau tara, za a ga cewa dukan abin da yaro yake da shi tun daga aji ɗaya na firamare har aji uku na ƙaramar sakandare kwana 1,620 ne. A cikinsu ne ake so ya iya karatu da rubutu da lissafi, ya san tarihin ƙasarsa, ya kuma sami harsashin sana'a. An gina manhajar kowane aji bisa zaton cewa waɗannan kwanaki za su cika. In sun gaza, malami ba ya da abin yi sai ya tsallake wasu darussa ko ya bi ta kansu da gudu.

Misalai daga wasu ƙasashe

A Ingila doka ta wajabta wa makarantun gwamnati su buɗe kwana 190 a shekara. An raba kowace rana kashi biyu, safe da yamma, watau zama 380 ke nan, kuma a kowane zama ana kiran suna. Malamai kuwa kwana 195 suke aiki, domin akwai ƙarin kwana biyar na horo da shiri, waɗanda ba a cire su daga rabon yara. Iyayen da suka hana yaro zuwa ba tare da izini ba ana iya cin su tara, wadda tun daga watan Agusta na 2024 take farawa daga fam 80.

A Faransa sa'o'i ake ƙidayawa. Ɗan firamare yana da sa'a 24 a mako, har mako 36, jimla sa'a 864 a shekara.

A Amurka kowace jiha da dokarta, kamar yadda jihohin Nijeriya suke fitar da nasu jadawali. Yawancinsu sun tsaya a kan kwana 180 ko kusa da haka. Jihar Texas ta canza ma'auninta da dokar da ta yi a 2015, ta koma ƙidayar minti 75,600 a shekara, wanda ya yi daidai da sa'a bakwai a rana har kwana 180, haɗe da lokacin tara da cin abinci. A jihohi da dama, idan ƙanƙara ko guguwa ta tilasta rufe makaranta fiye da ƙima, sai an rama kwanakin, ko da ta hanyar rage hutu ne.

Abin koyi a nan shi ne, ko da kwana ake auna lokacin, ko da sa'a, ko da minti, waɗannan ƙasashe sun ɗauke shi haƙƙin yaro ne wanda ake rubutawa ana bin diddiginsa, in ya ɓace kuma a nemi hanyar biya.

Ta ina lokaci yake zurarewa?

Akwai asarar da ba ta hannun iyaye ko malamai. A watan Maris na 2020 an rufe makarantun ƙasar nan saboda annobar korona. Masu jarrabawar fita sun koma a watan Agusta, sauran kuwa yawancinsu sai wajen Oktoba. Rashin tsaro, da ambaliya, da yajin aiki, da mai da makaranta matsugunin 'yan gudun hijira, duk suna cin kwanaki masu yawa. Irin wannan asara kowa yana ganinta.

Amma akwai wadda ba a cika lura da ita ba, domin kaɗan kaɗan take zuwa, da yayyafi kuwa kogi kan cika. Makon farko na zango sau da yawa yakan tafi wajen shara da jiran waɗanda ba su dawo ba. Bayan jarrabawa kuma yara kan yi mako guda ko fiye suna wasa a fili, malamai na ofis suna duba takardu. Ga ranar kasuwa, ga talla da safe, ga shuka da damina, ga girbi da kaka.

Ƙaramin lissafi zai nuna girman abin. Yarinyar da ake riƙewa a gida rana ɗaya kowane mako domin kasuwa, a mako 36 ta rasa kwana 36, watau kashi ɗaya cikin biyar na shekararta. A shekara tara ta rasa kwana 324, kusan shekarar karatu biyu ke nan, alhali sunanta bai taɓa fita daga rajista ba. Yaron da yake makara rabin sa'a kullum, a kwana 180 ya rasa sa'a 90, kuma yawanci darasin farko ne, inda aka fi sa lissafi da harshe tun ƙwaƙwalwa ba ta gaji ba.

Har a cikin makaranta ma ana asara. A 2013 Bankin Duniya ya yi bincike a makarantun firamare na jihohin Anambra, Bauchi, Ekiti da Neja, inda masu binciken suka riƙa kai ziyarar ba-zata. Sun tarar cewa lokacin da ake koyarwa a zahiri ya gaza wanda ke rubuce a jadawali da kusan sa'a ɗaya da rabi a kowace rana, domin wani malamin bai zo ba, wani kuma ya zo amma ba ya cikin aji. Sa'a ɗaya da rabi a kwana 180 sa'a 270 ne a shekara.

Sauya lokaci da rage lokaci

Ya kamata a bambanta abubuwan nan biyu. Gwamnati ta san cewa rayuwar jama'a ba iri ɗaya ba ce. Shi ya sa a 1989 aka kafa Hukumar Ilmin Makiyaya ta Ƙasa, mai hedkwata a Kaduna, domin 'ya'yan makiyaya da na masunta su sami karatu a lokacin da ya dace da kiwo ko su. A wasu garuruwa masu cunkoso kuma akan raba yara, wasu da safe wasu da yamma. Irin wannan sassauci yana da amfani muddin jimlar sa'o'in yaro ba ta ragu ba. Jama'ar da damina ko ranar kasuwa take hana 'ya'yansu zuwa, hanyar da ta dace ita ce su kai maganar ga hukumar ilmi ta ƙaramar hukumarsu a nemi mafita, maimakon kowa ya riƙe ɗansa a gida shiru.

Wa ke da alhaki?

Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Ƙasa, wadda aka fi sani da UBEC, ita ke raba tallafin Tarayya, wanda doka ta ce kada ya gaza kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na Tarayya, kuma sai jiha ta zuba nata rabon kafin ta karɓa. Hukumar ilmin bai-ɗaya ta jiha da ta ƙaramar hukuma su ke kula da malamai da tura masu duba makarantu. Hedimasta shi ke riƙe da rajistar yara, da littafin sa hannun malamai, da jadawalin darussa. Kwamitin gudanar da makaranta, wanda ya ƙunshi iyaye da shugabannin gari da malamai, yana da damar tambayar yadda waɗannan littattafai suke.

Ga abin da ake bukata daga iyaye:

1. Su nemi sanin ranar komawa da ranar hutu, su tura yaro tun ranar farko.
2. Su sallame shi da wuri, aike da talla su jira sai an tashi.
3. Su riƙa duba littafinsa. Shafin da ya yi kwanaki babu sabon kwanan wata alama ce ta rashin darasi.
4. In rashin lafiya ko wata lalura ta hana shi zuwa, su sanar da malamin aji domin a nuna masa abin da ya wuce shi.
5. In sun ga ana tashi kafin lokaci, ko aji yana wuni babu malami, su faɗa wa hedimasta cikin ladabi. In ba a gyara ba, su kai ga kwamitin makaranta, daga nan sai sakataren ilmi na ƙaramar hukuma.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Darasin haɗa baƙi da ya wuce yaro a aji ɗaya yakan bi shi har aji shida, domin kowane darasi a kan na jiya ake ɗora shi. Shekara taran da doka ta ba yaron Nijeriya za su cika ne in an tsare masa kowace rana da kowace sa'a a cikinsu.

Tambayoyi domin nazari

1. Shekara nawa doka ta wajabta wa yaro ya yi a makaranta, kuma yaya aka raba su?
2. Mene ne hukuncin uban da aka samu da laifin hana ɗansa zuwa makaranta a karo na biyu?
3. Wace hukuma ce take fitar da jadawalin shekarar karatu a jiha?
4. Idan yaro yana fashin kwana biyu a mako, kwana nawa zai rasa a mako 36?