Zuwa ga ɗana, a kan garuruwan da suka ɓace

Ɗana, na kalli bidiyon da ka turo wa ƙanwarka ta WhatsApp. Ita ta riƙe mini wayar, ka san idon ya fara gajiya. Mutumin da ke magana a bidiyon nan Allah ya ba shi baki. Wai akwai wani birni Atlantis da teku ta haɗiye, mutanensa sun san sirrin warkarwa da na dukiya, limaman coci ne suka ɓoye mana, kuma duk wanda ya biya kuɗin rajista za a buɗe masa ido. Da ya zo kan kuɗi na ce mata ta kashe haka nan.

Ba faɗa zan yi maka ba. Son jin labarin mutanen da ba aibi ba ne, ni ma da shi na tsufa. Amma ka san asalin abin da kake sauraro. Wani masanin Girka, Aflatun, shi ya fara rubuta labarin Atlantis wajen shekara 360 kafin haihuwar Almasihu, don ya nuna ƙarshen al'ummar da girman kai ya hau mata ka. A 1910 wani Bajamushe, Leo Frobenius, ya je Ile-Ife ya ga kan tagulla da aka ƙera da gwaninta, sai ya ce ai aikin mutanen Atlantis ne. Zuciyarsa ta kasa yarda baƙar fata za su iya. Wannan raini ne kake taya su yaɗawa ba ka sani ba.

In kufai kake so, ai muna da namu. Surame ta Kanta na nan a jihar Sakkwato da ganuwarta ta duwatsu. Gobirawa sun ci Birnin Zamfara suka kafa Alkalawa, ita ma Alkalawar ta faɗi a 1808. Ba aljan ne ya sace su ba, yaƙi ne da juyin zamani.

Ni kuwa da idona na ga ƙasa ta nutse. Ina saurayi aka gama madatsar Bakolori a 1978. Ruwa ya dinga hawa a hankali, yau ya ci fadama, gobe ya kai gindin tsamiya, har ƙauyuka da gonakin ƙasar Maradun suka shige ƙarƙashinsa. Na ga wata tsohuwa a kan amalanke, ta rungume dutsen niƙanta, ta ƙi yarda a bar shi. Abin da ke ƙarƙashin ruwan nan ke nan: murhu, turken awaki, kaburburan iyaye. Ka jira, nan da shekara ɗari wani mai baki zai ce birnin zinariya ne, ya kuma sami masu biyansa.

Ka tuna baƙon nan da ya sauka a Talata Mafara kana ƙarami, mai kiran kansa annabi? Farar riga har ƙasa, da jakar kwalaben mai. Ya ce yana ganin tukwanen zinariyar da mutanen da can suka binne. Wani ɗan'uwa a cocinmu ya sayar da shanun hudarsa ya ba shi. Dare uku suna haƙa a bayan gari, abin da suka fito da shi kasko ne da gawayi. Kafin Lahadi baƙon ya yi layar zana. Zinariya kam akwai ta a Zamfara, mun kuma ga kuɗinta: a 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa duwatsun zinariyar a cikin gidaje.

Wannan sana'a ta girmi intanet. Ka buɗe Ayyukan Manzanni sura 8, ka ga Siman mai sihiri da ya zaro kuɗi zai sayi baiwar Allah, ka ga yadda Bitrus ya tsawata masa. Boka ne dai ya canza riga. Jiya ƙasa yake bugawa, yau yana zancen ƙarfin duniya da duwatsu masu warkarwa, har ya ɗan yayyafa sunan Yesu don irinka su saki jiki. Ubangijinmu a fili ya yi koyarwarsa, a bakin teku da kan tudu, masunta da mata da yara suna ji, ba wanda ya biya ko kwabo. Littafi Mai Tsarki ma bai ɓoye biranen da suka rushe ba. Ga Babila, ga Nineba wadda Yunana ya yi wa wa'azi. Turawa sun tono kufan Nineba a Iraƙi tun shekarun 1840, suka sami fadoji da allunan laka, masana suka karanta, kowa na iya gani.

Saboda haka ka karanta tarihi iyakar iyawarka, amma ka riƙe kuɗinka. Ka kai wa fastonku bidiyon ku duba tare, kada kunya ta hana ka. In hanya ta yi lafiya ka zo Kirsimeti, mu bi ta Morai mu gai da mutane, in kai ka bakin madatsar in nuna maka daidai inda tsamiyar nan take. Uwarka tana gaishe ka, ta ce ka taho mata da man zafi.