Bayani Game da Gyaran Dokokin Ƙaramar Hukuma, Zuwa ga Jama'ar Tsibiri da Maƙwabtansu

Wannan takarda ce zuwa ga jama'ar Tsibiri ta ƙasar Maradun, da 'yan'uwansu na Bakura da Talata Mafara, manoma da makiyaya da masunta da 'yan kasuwa, game da wani al'amari wanda ya yawaita a bakunan mutane tun daga ranar 11 ga Yuli, 2024, ranar da Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci a kan dukiyar ƙananan hukumomi. Tun daga wannan rana, duk majalisar da mutum ya zauna, ko a ƙofar masallaci bayan la'asar ko a tashar mota, sai ya ji ana cewa an 'yanta ƙananan hukumomi, bisa zaton da faɗar alƙalai a Abuja magana ta ƙare, saura a naɗe hannu a jira alheri. Wannan zato kuwa yana da haɗari, domin dokokin da ke tafiyar da ƙaramar hukuma hawa-hawa ne, kowane hawa da masu ikon taɓa shi da hanyar da ake bi a gyara shi, kuma wanda bai rarrabe tsakaninsu ba zai daɗe yana kai kukansa inda ba a da ikon share masa hawaye.

Mu fara da kawar da wata shubuha. Akwai waɗanda in sun ji an ce za a gyara doka sai gabansu ya faɗi, suna ganin kamar ana nufin rushe abin da magabata suka kafa. To, malaman fiƙihu sun daɗe da bambancewa tsakanin hukuncin da nassi ya tabbatar, wanda babu mahalukin da ke da ikon sauya shi, da ƙa'idodin da shugabanni ke gindayawa don jawo maslaha da kawar da mafsada, irin su kuɗin rumfa a kasuwa, da iyakar gunduma, da adadin shekarun da shugaba zai yi a kan kujera. Waɗannan aikin hannun ɗan Adam ne, suna tsufa kamar yadda ginin ƙasa yake tsufa, wanda in ba a bi shi da yaɓe kafin faɗuwar damina ba sai ya zube a kan mai shi. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan a nemi mai mulki ya sake ƙa'ida, domin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi shekaru yana wa'azi a Zamfara har ya zauna a Faru, sa'ad da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami wajejen 1788 ya yi musu kyauta mai yawa, bai karɓi dukiya ba, sai ya nemi abubuwa biyar a madadinta, cikinsu har da a saki 'yan kurkuku a kuma sassauta wa talakawa haraji, Sarki kuwa ya amsa.

Dattijanmu da suka ga zamanin En'e shaidu ne cewa tsarin da muke ciki yanzu ba da shi aka faro ba. A wancan zamani ƙasar Sarkin Mafara da ta Sarkin Burmin Bakura da ta Sarkin Kayan Maradun duk suna ƙarƙashin En'en Sakkwato, can baitulmali yake, can ake kai haraji da jangali, uwayen ƙasa da hakimai na tarawa, 'yan doka da alƙalai da gidan yari duk na En'e ne. A watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa a Kaduna ya kawo batun a sake duba wannan tsari don talaka ya sami baki a cikinsa, abin da ya kai ga dokar En'e ta 1954. A 1976 gwamnatin soja ta soke En'e-En'e ta kafa ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya a duk ƙasa, Talata Mafara na cikinsu; daga bisani aka yanki Maradun da Bakura daga jikinta, sa'an nan a ranar 1 ga Oktoba, 1996 aka fitar da Jihar Zamfara daga Sakkwato da ƙananan hukumomi 14. A lura da abu guda: mafi yawan waɗannan sauye-sauye da umarnin soja aka yi su, dare ɗaya, ba tare da an tambayi kowa ba. Yanzu kuwa, ƙarƙashin kundin tsarin mulki na 1999, sai an bi sharuɗɗa.

Hawa na sama shi ne kundin tsarin mulkin kansa, wanda duk dokar da ta saɓa masa ɓatacciya ce gwargwadon saɓawarta. Sashe na 9 ya shar'anta cewa ba a gyara shi sai kashi biyu cikin uku na 'yan Majalisar Dattawa da na Majalisar Wakilai sun yarda, sa'an nan majalisun dokoki na jihohi 24 daga cikin 36 su amince, wasu sassan ma, kamar na haƙƙoƙin ɗan Adam, sai an sami kashi huɗu cikin biyar a Abuja. An tsananta haka da gangan, don kada kowane mai mulki ya juya kundin yadda ransa ya so. Sai dai wannan tsanani shi ne kuma ya sha kashe ƙudurin cin gashin kan ƙananan hukumomi, misali a 2023, lokacin da ya kasa samun jihohi 24 bayan Majalisar Tarayya ta zartar da shi, alhali wasu gyare-gyare 16 sun tsallake har Shugaba Muhammadu Buhari ya sa musu hannu a watan Maris na wannan shekara. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga mai hankali, tunda ana neman majalisun jihohi su yanke hukunci ne a kan dukiyar da ke bi ta hannun gwamnonin jihohinsu.

A wannan hawa ne kuma maganar sabuwar ƙaramar hukuma take, wadda 'yan siyasa ke yawan yi wa garuruwa alkawarinta in zaɓe ya ƙarato. Sashe na 8 ya ce sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar jiha masu wakiltar yankin da na kansilolinsa sun nema, a yi ƙuri'ar raba gardama kashi biyu cikin uku na jama'ar yankin su yarda, mafi yawan ƙananan hukumomin jihar su amince, majalisar jiha ta zartar da kashi biyu cikin uku, bayan duk wannan kuma Majalisar Tarayya ta shigar da sunan a jadawalin kundin. Jihar Legas ta gwada, amma a 2004 Kotun Ƙoli ta ce waɗanda ta ƙirƙira ba su cika ba sai an yi wannan na ƙarshe, shi ya sa har yau adadin yana nan 774. Duk wanda ya zo muku da wannan alkawari, ku tambaye shi ta ina zai bi.

Hawa na biyu, wanda a ganina jama'a suka fi gafala da shi alhali ya fi tasiri a kansu, shi ne dokar jiha. Sashe na 7 ya lamunce cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi, amma ya bar wa kowace jiha ta yi dokar da za ta fayyace tsarinsu da kuɗinsu da ayyukansu. Saboda haka a Gusau ake yanke shekarun da ciyaman da kansila za su yi, da yadda za a tsige su, da wanda zai binciki littattafan ma'aji, da abin da za a cire wa masarautu. Har ma da Majalisar Tarayya ta yi yunƙurin mayar da wa'adin ciyamomi shekara huɗu, Kotun Ƙoli ta ce mata a 2002 wannan ba huruminta ba ne. Gyaran dokar jiha kuwa bai kai na kundi wuya ba ko kusa: rinjayen 'yan majalisa ya isa, gwamna ya sa hannu cikin kwana 30, in ya ƙi kuma kashi biyu cikin uku su sake zartarwa ta zama doka ko bai so ba. Majalisar Zamfara tana da kujeru 24, biyar daga cikinsu na ƙasashen nan uku ne: biyu na Maradun, biyu na Talata Mafara, ɗaya na Bakura. Mutum biyar cikin 24 ba ƙaramin ƙarfi ba ne in jama'arsu sun matsa musu a kan magana ɗaya. Ba za mu ce an mayar da mu saniyar ware a mulkin jiha ba, tunda uku daga cikin gwamnonin farar hula da aka yi daga 1999 'yan wannan yanki ne: Ahmad Sani Yariman Bakura, da Abdul'aziz Yari na Talata Mafara, da Bello Matawalle na Maradun. Samun ɗan gida a kan kujera abu ne mai daɗi, amma wa'adi gare shi, doka kuwa tana nan bayan tafiyarsa, ta yi aiki a hannun wanda ka sani da wanda ba ka sani ba.

Yanzu sai mu auna hukuncin 2024 da wannan ma'auni. Antoni Janar na Tarayya Lateef Fagbemi ne ya kai jihohi 36 ƙara, alƙalai bakwai suka zauna, Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta babban hukunci, inda aka ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma haramun ne gwamna ya rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi ko kwamitin riƙo. Kason nan ba kaɗan ba ne, kashi 20.60 cikin ɗari ne na asusun tarayya. Amma kotu fassara take yi, ba ta goge rubutu: sashe na 162 da ya ambaci asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi yana nan a cikin kundin, aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, zaɓen ciyamomi kuma yana hannun hukumar zaɓe ta jiha wadda gwamna ke naɗa 'ya'yanta. A zaɓen da aka yi a Zamfara a watan Nuwamba na 2024 jam'iyya mai mulki ce ta kwashe kujerun ciyamomi 14, kuma haka abin yake a mafi yawan jihohi, ko wace jam'iyya ce ke sama. Ko da an wayi gari kowane kwabo ya sauka a sakatariyar Maradun, muddin dokar jiha ba ta wajabta wa ciyaman ya bayyana abin da ya shigo da abin da ya fita ba, to amana ta sake hannu ne kawai, ba a ƙara mata tsaro ba.

Hawa na ƙasa shi ne dokokin da majalisar kansiloli ke yi, kuma nan ne mutumin Tsibiri, wadda mazaɓa ce mai kansilanta cikin mazaɓu 147 na jihar, yake da baki mafi kusa. Jadawali na huɗu na kundin ya danƙa wa ƙaramar hukuma kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu, da lasin kekuna da amalanke da baro da kwalekwale, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da hanyoyin karkara da magudanan ruwa da kwashe shara, ya kuma sa ta cikin sha'anin makarantun firamare da asibitocin karkara da aikin gona. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ƙara mata ikon ba da izinin riƙon fili a karkara don noma ko kiwo, har hekta 500 ga noma da hekta 5,000 ga kiwo ba tare da neman yardar gwamna ba. Wanda ya san yadda cinye burtali da toshe mashaya suka taimaka wajen hura wutar fitinar da ta addabi ƙasar nan, ya san wannan iko ba abin wasa ba ne. Wanda kuma ya tuna da abin da ya faru a Birnin Tudu a watan Afrilu na 1980, sa'ad da rikicin diyyar gonakin da aikin madatsar ruwan Bakolori ya ci ya ƙare da asarar rayuka, ya san abin da ke biyo baya in manomi ya rasa wurin da za a saurare shi a kan ƙasarsa. Ikon ƙaramar hukuma dai yana da iyaka, domin a watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako saboda tsaro, babu kansilan da ya isa ya buɗe.

Idan jama'a suka ga wata ƙa'ida ta zame musu cuta, misali ana karɓar kuɗi sau biyu a kan buhu ɗaya, ko ana karɓa ba rasit, abu na farko shi ne su nemi ganin dokar a rubuce, domin sau da yawa za a tarar abin da ake karɓa babu shi a takarda sam, ka ga ke nan dokar lafiyarta lau, mai karɓar ne ya kamata a tsawata wa. In kuwa yana cikinta, sai a yi shawara a tsakanin masu abin, da sarkin noma da sarkin kasuwa da sarkin fawa da arɗo da liman, kada a manta da mata masu sana'a a cikin gidaje, waɗanda kuɗin awo da na niƙa ya fi shafa. A rubuta takarda a ambaci dokar da sashenta, a faɗi cutar da ke cikinta a taƙaice ba tare da zagi ko ƙazafi ba, a kuma rubuta lafazin da ake so a sa a madadinsa, domin takardar da ta zo da kuka kaɗai ana karanta ta a yi juyayi a ajiye, wadda ta zo da lafazi kuwa kansila na iya ɗaukarta yadda take ya gabatar. A sa kwanan wata da hannun mutane na haƙiƙa, a ba kansila kwafi ɗaya, a kai ɗaya ofishin sakatare a karɓi shaidar an kai, a ba uban ƙasa ɗaya don girmamawa da neman goyon baya, a ajiye ɗaya a gida. Ranar da majalisa za ta zauna a kanta a tura wakilai su saurara. Idan aka ce musu abin ya fi ƙarfin kansiloli domin dokar jiha ce ta ɗaure shi, sai a sauya adireshi kawai, a kai wa ɗan majalisar mazaɓar, a nemi ya gabatar da ita a Gusau, a kuma tambaye shi ranar da kwamiti zai zauna jin ra'ayin jama'a.