Shawarwari Goma ga Gidajen da Kwale-kwale Ya Zame wa Hanya

Daga watan Agusta zuwa Oktoba, akwai ƙauyuka a ƙasar Haɗejia da babur da amalanke ke samun hutu, kwale-kwale ya karɓi aikinsu. Daga Auyo da Kafin Hausa har Kirikasamma da Guri, a cikinsa ake zuwa gonar shinkafa, a kai niƙa, a ci kasuwa, a kai mara lafiya asibiti. Masunta kuwa a cikinsa suke wuni, wani lokaci su kwana. A Turai da Amurka masu hali ke sayen jirgi don shan iska a bakin teku. Mu nan larura ce ta sa, shi ya sa gida kan mallaki nasa, ko maƙwabta su yi karo-karo su saya. Galibin haɗurran da muke ji, tun a bakin gaɓa ake ƙulla su, kafin jirgi ya motsa.

1. Ku san inda ruwanku yake fitowa. Ba saman da aka yi a kanku kaɗai ke cika kogi ba. Kogin Kano, wanda aka datse a Tiga a 1974, da na Challawa, wanda aka datse a 1992, su ke haɗuwa su biyo ta Wudil da Ringim su iso mana, kuma kogin Kafin Hausa reshe ne na wannan ruwa. Don haka ana iya kwana uku sama garau, a wayi gari ruwa ya shafe hanya. Wanda ya ga ambaliyar 2012 da 2020 da 2022 ba sai an yi masa dogon bayani ba. A riƙa sauraron sanarwar hukumar NIHSA mai hasashen ambaliya da ta hukumar agajin gaggawa ta jiha a rediyo. A nemi ɗan'uwa ko abokin ciniki a Wudil ko Ringim da za a riƙa bugawa a ji labari. A kafa sanda a bakin ruwa, a yi mata alama safe da yamma; yaron gida ma zai iya wannan.

2. Gyaran jirgi aikin bazara ne. Katakon da ya sha rana wata shida yakan tsage a mahaɗa. A duba kusoshi, a cusa tsumma a kafofi, a bi da kwalta, sannan a jiƙa shi a ruwa mara zurfi kwana biyu kafin a ɗora masa kaya. Kada ya tashi ba abin kwarfe ruwa, da igiya, da filafili na biyu.

3. Lodi. A nan ne aka fi yin asara, kuma a nan ne aka fi jin nauyin magana. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai a jihar Kano, ɗauke da ɗaliban Islamiyya da suka taso daga Badau za su Mauludi; mutum 29 aƙalla suka rasu, yawancinsu yara. A Yunin 2023, a Patigi ta jihar Kwara, sama da mutum 100 ne suka tafi suna dawowa daga ɗaurin aure. A duba dai: biki, Mauludi, ranar kasuwa. Lokutan da kowa ke sauri ke nan, kuma ba mai son a ce shi ya hana wani shiga.

Maigida, ka ɗauke wa yaronka mai tuƙi wannan nauyi. Saurayi ɗan shekara 17 ba zai iya kallon baffansa ya ce "Baba, a jira sahu na biyu" ba. Amma idan an ja layin fenti a gefen jirgi, kamu ɗaya ƙasa da bakinsa, aka ce duk lokacin da ruwa ya taɓa shi an gama lodi, to layin ne ya yi magana, ba yaron ba. A tuna buhun shinkafa mai kilo 100 ya kai nauyin mata biyu, babur ma ya kai. Kaya masu nauyi a ƙasa, a tsakiya. Kowa ya zauna, kada a miƙe don gaisawa da na wani jirgin. Dabba a ɗaure ta, kuma ba a haɗa ta da yara a sahu ɗaya. Idan na haya ne kuka ga ya cika, ku sauka ko da kun biya kuɗin fito. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

4. Ba tafiyar dare. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana, kuma hanin yana kan gaskiya. Wanda zai ci kasuwar Haɗejia ya taso da la'asar sakaliya, kada ya bari sai magariba. Hadari ya haɗo daga gabas, a nemi gaɓa mafi kusa tun kafin iska ta iso. Sallah ba ta zama dalilin gaggawa ba, tunda malamai sun halatta yin ta a cikin jirgi, a zaune ma idan tsayuwa za ta jawo haɗari.

5. Rigar ruwa ta fi wayar hannu araha, amma gida nawa ke da ita? A saya ko biyu ce, a fara da yara da waɗanda ba su iya iyo ba, a kuma ɗaure ta sosai; wadda aka yi matashi da ita ba ta ceci kowa ba. Kafin a samu, a ɗaura jarkoki biyu ko uku marasa komai, masu murfi gam, da igiya a marikinsu. Jarka mai lita 25 tana iya riƙe babban mutum a saman ruwa. Iyayenmu da gora suke ƙetarewa, dabarar ɗaya ce. Mata su sassauta ɗaurin goyo, su rungume jariri a gaba. Babbar riga kuma a naɗe ta a ajiye, don idan ta sha ruwa ita ke ja ƙasa.

6. Hanyar bara ba lallai ita ce ta bana ba. Ciyawar kacala ta toshe magudanai da yawa a fadamar Haɗejia zuwa Nguru, ruwa kuwa idan ya rasa mafita sai ya yi sabuwa. Inda jinga ta ɓalle, ko bakin kwalbati, nan ne ja ya fi ƙarfi, a nisance su. Ƙarƙashin ruwan da ya kwanta lumui akwai kututture, da ramin da aka ɗebi ƙasar gini, da rijiyar lambu. A tambayi Sarkin Ruwa ko masuntan da suka fita da asuba. A sunkuyar da sandar tuƙi idan za a bi ƙarƙashin wayar lantarki.

7. Uwargida, ruwan da jirgi ke kai ba na sha ba ne. Ambaliya ta bi ta masai da turken dabbobi kafin ta iso ƙofar gida, daga nan amai da gudawa ke tasowa. Alam yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Sai an tafasa ko an sa maganin ruwa. A cika jarka daga gida kafin a fita. Guzuri ya zama busasshe: ƙuli-ƙuli, garin kwaki, soyayyar gyaɗa, bandar tarwaɗa. Mai girki a jirgi ya zuba yashi a tsohon kwano ya ɗora murhu a kai, nesa da jarkar fetur idan jirgin mai inji ne. Gudawa ta kama wani, ga haɗin: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali, sannan a nufi asibiti. Yaron da ke fitsarin jini kuwa tsargiya ce, ba alamar balaga ba. Daga dodon koɗin ruwan kwance ake ɗaukarta, kuma maganinta, praziquantel, ana raba shi a makarantu da asibitoci.

8. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Da yawansu ba a tsakiyar kogi ba ne, a kusa da gida ne, lokacin da uwa ta juya. A ɗaure jirgi da ƙullin da yaro ba zai kwance ba, a shigar da filafili ɗaki. Mai ciki da watanta ya kama, a kai ta wajen dangi a Haɗejia, Kafin Hausa ko Jahun tun hanya na biyuwa. Naƙuda ba ta duba agogo, kuma ita ce ke tilasta wa mutane fiton daren da muka hana a sama.

9. Takardun gona, katin ɗan ƙasa da na rigakafi, waya da kuɗi: leda biyu, cikin bokiti mai murfi, a ɗaure shi da jikin jirgi. Irin shuka ya hau tudu tun farkon marka. Kafin a shiga da safe a zungura ƙasan kaya da sanda, domin maciji ma busasshen wuri yake nema.

10. Idan wani ya faɗa, kada kowa ya karkata gefe ɗaya, haka ake kifar da sauran. A miƙa masa sanda ko a jefa masa jarka. Wanda ba gwani ba kada ya bi shi. Jirgi ya kife, a riƙe shi, na katako ba ya saurin nutsewa. Wanda aka tsamo ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska baki da baki sau 5, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30 ana hurawa sau 2, ba tsayawa. A daina ɗaga mutum ƙafa sama ko taka masa ciki wai don ruwa ya fita. Lokaci kawai ake ɓatawa. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti ranar, saboda ruwan da ya shiga huhu yakan tayar da ciwo bayan sa'o'i. Masu unguwanni da limamai, ku roƙi jami'in lafiya na mazaɓarku ya zo ya koya wa masu fito wannan a aikace kafin ruwan bana ya sauko.