Kafin ka haɗiyi ƙwayar ƙarfin maza, je a auna jininka

Ranar kasuwa a Tcholliré, kamar yadda yake a Garwa da Ngaundare, ba a rasa mai tiren magani da ya ɓoye shuɗiyar ƙwaya a ƙarƙashin kwalin farasitamol. Magidanci zai matso, ya rage murya, ya miƙa kuɗi, a ƙunshe masa a takarda. Ba wanda zai tambaye shi ko yana da hawan jini, balle wane magani yake sha. Wannan shirun shi ke tayar mini da hankali, domin raunin gaba sau da yawa saƙo ne daga jijiyoyin jini.

Ga yadda abin yake. Kowace jijiyar jini tana da siririyar shimfiɗa a cikinta wadda ke ƙera wata iska mai suna nitrik oksaid daga sinadarin arginin. Iskar ba ta wuce daƙiƙoƙi kaɗan kafin ta ɓace, amma a ɗan lokacin nan takan ratsa cikin tsokar da ta naɗe jijiyar, ta sa a samar da wani sinadari, cGMP, wanda ke umartar tsokar ta saki jiki. Tsoka ta saki, jijiya ta buɗe, jini ya wuce a sauƙaƙe. Da haka jiki ke daidaita hawan jini, da haka kuma gaba ke cika idan sha'awa ta motsa. Gano wannan ne ya sa aka ba Robert Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel a 1998, shekarar da Viagra, wato shuɗiyar ƙwayar nan, ta shiga kasuwa a Amurka.

Ƙwayar, wadda sunanta na asali sildenafil, ba ta ƙera iskar. Aikinta kawai ta hana cGMP saurin rushewa, tamkar mai tokare ƙofar da wani ya buɗe. Idan ciwon suga ko taba ko hawan jini sun cinye shimfiɗar, ƙwayar na iya rufa maka asiri na dare ɗaya, ɓarnar kuwa tana nan tana ci gaba. Jijiyoyin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, shi ya sa sukan riga nuna alama, wani lokaci da 'yan shekaru.

Don haka, ɗan'uwa, fara da asibitin gunduma na Tcholliré ko cibiyar lafiya mafi kusa. A auna hawan jininka, a duba suga kafin ka karya kumallo. Idan awo ya yi ta kaiwa 140 bisa 90 ko sama, magani ya kama ka, kuma ba a barinsa don an ji sauƙi. Faɗa wa likita gaskiyar abin da ya kawo ka; ya sha jin irinsa.

Haɗari mafi girma yana kan masu ciwon ƙirji. Duk mai amfani da trinitrine, wadda ake sawa ƙarƙashin harshe, ko Risordan, kada ya kusanci wannan ƙwaya. Su waɗannan magunguna nitrik oksaid suke zuba wa jiki, ita kuma tana hana saƙon ƙarewa, sai jini ya faɗi warwas, mutum ya sume ko ya rasa ransa. Tsimin kwalba da ake cewa na gargajiya ne zalla ma ba abin yarda ba ne, an sha samun sildenafil a cikin irinsa. Mai sikila kuma ya yi hattara: gaban da ya miƙe ya ƙi kwanciya har awa 4, asibiti ake kai shi a daren, ba a jiran gari ya waye.

Shimfiɗar jijiyar nan tana farfaɗowa idan an kula da ita. Tafiyar sauri ta minti 30, kwana 5 a mako, tana sa ta ƙara aiki, saboda gudun jini shi ke zaburar da ita. In gonar audugarka ba nisa, ajiye babur ka taka. Yawaita alayyaho da latas: ƙwayoyin bakteriyar da ke kan harshe suna sarrafa sinadarin da ke cikin ganyen, jiki ya mayar da shi nitrik oksaid. Uwargida ta rage gishiri da dunƙulen magi da kanwa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini. Taba kuwa, a rabu da ita gaba ɗaya.

Malam, wannan makon ka je a auna ka, ka tafi da kwalayen duk magungunan da kake sha.