Darasi Na Goma Sha Biyu: Mai Zane Da Kasuwarsa

Idan Allah ya hore maka hannun zane, ka sani iya zane daban, iya sayar da shi daban. Matasa da yawa sun ajiye burushi sun kama wata sana'a, don sun yi aiki mai kyau amma sun rasa mai saye. A wannan darasi za mu ɗauki Potiskum a matsayin misali, mu ga yadda sabon mai zane zai sami abinci da aikin hannunsa.

Potiskum tana yammacin Jihar Yobe, a kan babbar hanyar da ta taso daga Kano zuwa Maiduguri. Kasuwar shanunta tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Akwai kuma babbar kasuwar hatsi, ga manyan motoci masu ɗaukar kaya zuwa kudancin ƙasa. Duk inda jama'a suka taru haka, akwai masu bukatar zane.

San Mai Saye

Kafin ka tsoma burushi a fenti, tambayi kanka: wa zai sayi wannan, kuma me zai yi da shi? Mutanen da za su sayi hoto don ratayewa a bango kawai ba su da yawa. Amma mai babbar mota yana son a ƙawata masa bodi da furanni da karin magana. Mai shago yana son allon da zai ja hankalin masu wucewa. Iyayen yaron da ya sauke Alƙur'ani suna neman allon zayyana. Mai ɗinkin hula yana neman sabon zane. Ke kuma mai zanen lalle, amare da ƙawayensu su ne kasuwarki. Zaɓi ɗaya ko biyu daga cikin waɗannan, ka ƙware a kai har a san ka da shi.

Nuna Aikinka

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Aikin da ke ɓoye a ɗaki ba shi da mai tayawa. Dubi labarin Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwane. Tun tana ƙauyensu, Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta a gidansa. A can ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. A shekarar 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya kafa a Abuja ta wancan lokaci, wato Suleja ta yau. Daga baya aka baje kolin aikinta a Landan, yanzu kuma hotonta yana bayan takardar naira 20. Gwaninta ce ta ɗaukaka ta, amma sai da aikinta ya je inda idanu za su gan shi.

Kai ma ka kai aikinka tasha da bakin kasuwa da garejin masu ƙera bodin mota. Ɗauki hoton kowane aiki da rana, cikin haske, ka sa a WhatsApp ko Facebook. Rubuta sunanka da lambar wayarka a gefen duk abin da ka zana, domin motar da ka yi wa ado za ta yi maka talla har Legas.

Yanke Farashi

A nan ne sababbin masu zane suka fi faɗuwa, domin sukan lissafa kuɗin kaya su manta da ladan aikinsu. A ce an ba ka aikin allon shago. Ka sayi katako na naira 4,000, fenti na 2,500, ka biya kuɗin mota 500. Uwar kuɗinka ta zama 7,000. Ka yi kwana 2 kana aikin, ka ƙiyasta ladan yininka a kan 3,000, wato 6,000. Ke nan bai kamata ka sallama ƙasa da 13,000 ba. Tun da al'adar kasuwarmu ta ciniki ce, fara da 15,000 don mai saye ya sami abin ragewa. In ya taya ƙasa da ƙa'ida, ce masa "albarka" cikin fara'a. Wanda ya saba sayar da aikinsa da arha, ƙara kuɗi yakan yi masa wuya daga baya.

Karɓi kafin alƙalami kafin ka fara, aƙalla abin da zai sayi kayan aiki. In wani ya kawo maka mai saye, ba shi la'adarsa kamar yadda ake ba dillalai a kasuwar shanu. Gobe ma zai kawo wani.

Cika Alkawari

Kyan alkawari cikawa. Mai mota ba zai jira ka ba ranar da ya yi lodi, amarya kuma ba za ta ɗaga biki dominka ba. In ka ce Laraba, to, ya zama Laraba. Mutum ɗaya da ya ji daɗin aikinka zai jawo maka wasu, wanda ka ɓata wa rai kuwa zai kore su.

Ma'anar Kalmomi

Uwar kuɗi: abin da aka kashe kafin a sami riba.
Kafin alƙalami: kuɗin da ake bayarwa kafin a fara aiki.
La'ada: ladan dillali.
Albarka: kalmar ƙin amincewa da tayi.

Tambayoyi

1. Kawo mutane 4 masu bukatar zane a Potiskum.
2. A ina Michael Cardew ya ga tukwanen Ladi Kwali?
3. Me ya sa ake fara faɗin farashi sama da ƙa'ida?
4. Bayyana ma'anar "gani ya kori ji".

Aikin Yi

Kai da abokinka ku shirya gajeren ciniki tsakanin mai zane da mai shago, ku gabatar a gaban aji.