Yadda Ake Raya Tsohon Gidan Gona: Darasi Daga Mount Vernon

Mount Vernon, gidan gonar George Washington da ke bakin kogin Potomac a jihar Virginia ta Amurka, ya kusa zama kango a shekarun 1850. Ga matakan da suka cece shi, waɗanda za su amfani duk mai son raya irinsa.

1. A tabbatar da mallaka. A 1858 wata ƙungiyar mata, ƙarƙashin Ann Pamela Cunningham, ta ƙulla cinikin gidan da eka 200 kan dala 200,000 da aka tara ta hanyar gudummawa. Gidan da magada ke jayayya a kansa ba ya gyaruwa.

2. A tsayar da ruwa. Kafin komai, a toshe yoyon rufi, a buɗe magudanai, a duba tushen gini. Danshi ne ke ruɓar da katako.

3. A zaɓi zamani ɗaya. Masu gyaran sun tsaya kan 1799, shekarar rasuwar Washington, suka bi takardar lissafin kayan gadonsa ɗaki-ɗaki.

4. A bincika kafin a shafa fenti. A kankare ɗan guntu, a duba launin asali. Haka aka gano koren fenti mai ƙarfi na ɗakin cin abincin Mount Vernon. Bangon waje kuwa katako ne da aka sassaƙa, aka watsa yashi kan ɗanyen fenti don ya yi kama da dutse, kuma da wannan dabara ake sabunta shi.

5. A yi tono a hankali. A 2024 an samu kwalabe 35 binne a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, yawancinsu ɗauke da 'ya'yan itace.

6. A raya gonar kanta. A 1996 aka sake gina rumbun sussuka mai kusurwa 16, inda dawakai ke tattake alkama a sama, ƙwayar na zubowa ƙasa ta tsakanin katakai.

7. A faɗi tarihin duka. Bayi 317 ne ke gandun a 1799, su ke noma, saƙa da girki. An kafa musu abin tunawa a maƙabartarsu a 1983. Duk mai gyara ya nemo sunayen ma'aikatan gonarsa da wuraren kwanansu, ya adana su kamar yadda zai adana ɗakin maigida.