Lasisin Tuƙi na Ƙasa da Ƙasa: Me Ake Nufi da Shi?

Cikinmu akwai masu burin fita waje karatu ko aiki. Duk wanda ya je can yana son ya ɗauki hayar mota, zai iya cin karo da tambayar: ina takardarka ta tuƙi ta ƙasa da ƙasa?

Sunan yana ruɗar mutane. Wannan takarda ba sabon lasisi ba ce. Ɗan littafi ne mai ɗauke da hotonka, da aka fassara bayanan lasisinka na gida zuwa harsuna da dama a cikinsa, don ɗan sandan Japan ko Italiya ya gane irin motar da aka yarda ka tuƙa. Ita kaɗai ba ta da amfani. In ka bar lasisinka na asali a gida, kamfanin haya zai hana ka makulli, ko da ka riga ka biya kuɗi ta intanet.

Ana bayar da ita ne bisa yarjejeniyoyi na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ta Janeba, 1949, takardarta shekara ɗaya take yi. Ta Biyena, 1968, tana iya kai shekara uku. Bambancin ba na wasa ba ne: Japan ta 1949 kawai take karɓa, babban yankin Sin kuwa ba ya karɓar ko ɗaya.

A ƙasar da ta ba ka lasisi ake neman ta, kuma kafin tafiya. A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra, wato FRSC, ake tuntuɓa. Shafukan intanet masu alƙawarin "lasisin duniya" cikin minti biyar, a guje su. Takardar bogi tana iya sa inshora ta ƙi biya idan aka yi haɗari, kuɗin gyara ya hau kanka.

Kamfanonin haya ma suna da nasu sharuɗɗan. Da yawa ba sa ba wanda bai kai shekara 21 ba, wanda bai kai 25 ba kuma sukan ƙara masa kuɗi. Sukan nemi katin banki na ajiyar jingina.

Sai hannun tuƙi, wanda takarda ba ta koya maka. Mu a Najeriya tun 1972 muka koma dama, amma Ingila, Indiya, Kenya da Afirka ta Kudu hagu suke bi.